Taura Biyu: Yadda Aka Rufe wa Ma'aikaci Ƙofar Zama Lauya

Da wuya a sami babbar kotu a Najeriya da babu irin wannan mutumin a cikinta: rajistara ko akawu wanda ya shafe shekara goma sha biyar yana karɓar takardun ƙara, yana lissafa kuɗin shigarwa, yana buga hatimi, yana tsara ranakun zama. Ya san takardar da alƙali zai yi watsi da ita tun kafin a kai ta gabansa. Sabon lauya, wanda hular gashinsa ko ƙura ba ta taɓa ba, wurinsa yake raɓawa ya tambayi yadda ake haɗa takardar rantsuwa da takardar roƙo, sannan ya shiga zauren kotu yana taƙama. Ranar da wannan rajistara ya yi sha'awar zama lauya shi ma, amsar da tsarin ƙasa zai ba shi gajera ce: ya ajiye aikinsa na shekara shida, ko biyar idan ya shiga jami'a da difloma, ya nemo wanda zai ciyar da iyalinsa, sannan ya dawo a yi magana.

Ana yawan yi wa ɗalibai nasiha a kan yadda za su haɗa karatun lauya da neman abinci da zirga-zirga. A tashi da asuba, a rubuta jadawali, a rage hira, a yi bitar darasi a cikin mota. Nasihar ba ta da laifi, kuma a ƙasashen da aka rubuta ta tana da amfani, domin a can doka ta yarda ɗalibi ya haɗa ukun, dabara ce kawai ta rage masa. A Najeriya kuwa an bar jaki ana dukan taiki. Ɗalibin nan ko ya fi kowa iya tsara lokaci, ƙa'ida ce ta hana shi, kuma ƙa'idar tana da masu ita, tana da tarihi, tana kuma da waɗanda take yi wa rana.

Majalisar Kula da Ilimin Shari'a, wadda dokar 1962 ta kafa, ita ke riƙe da Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, kuma babu mai zama lauya a ƙasar sai ya bi ta wannan makaranta. Matsayinta a bayyane yake: karatun lauya na cikakken lokaci ne, a jami'ar da ta amince da ita. Digirin da aka samu ta karatun yamma, ko na ƙarshen mako, ko na daga gida, ba ya buɗe ƙofar makarantar. Shekarar da ake yi a makarantar ita ma ta cikakken lokaci ce, ana ɗaukar sunan masu halarta kullum, kuma wanda halartarsa ta gaza adadin da aka gindaya ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba. Wato ma'aikaci ba shi da hanya sai hutun karatu. Ma'aikacin gwamnati yana iya dacewa da shi, da albashi ko babu, gwargwadon ƙa'idar ma'aikatarsa da kuma fuskar da yake da ita a wurin shugabansa. Ma'aikacin banki ko na kamfani ko mai shago a Kantin Kwari, wa zai ba shi hutun shekara shida? Shekara shidan ma a takarda ne, domin yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022.

Abin mamaki shi ne, mutanen da suka gina wannan sana'a a Najeriya, da yawansu da an auna su da wannan ma'auni da ba su kai ba. Obafemi Awolowo ya yi digirinsa na kasuwanci ta wasiƙa daga Jami'ar Landan yana tsakiyar fafutukar neman abinci, kafin ya tafi Ingila a 1944, aka rantsar da shi lauya a 1946. Afe Babalola, wanda yau yake da jami'a sukutum a Ado-Ekiti mai tsangayar koyar da shari'a, a gida ya yi karatun digirinsa na Jami'ar Landan, aka rantsar da shi a Ingila a 1963. Gani Fawehinmi, da mahaifinsa ya rasu yana tsakiyar karatu a Landan, shara da wanke banɗaki ya koma yi domin ya ƙarasa, aka rantsar da shi a Najeriya a 1965, ya kuma zama lauyan da gwamnatocin soja suka fi jin tsoron takardarsa. A Arewa ma, Makarantar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya ta ɗauki ma'aikatan gwamnati ta shirya su karatun lauya, kuma ta wannan hanya Muhammadu Lawal Uwais ya bi kafin ya wuce Landan, ya dawo, har ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1995 zuwa 2006. A wancan zamani an ɗauki mutumin da ya san aiki a matsayin wanda ya fi cancanta a koya wa doka. Tsanin da suka hau ke nan, kuma shi ne aka janye bayan sun kai sama.

Masu kare ƙa'idar suna da hujja, kuma ba a raina ta. Akwai lokacin da jami'o'i suka mayar da karatun wucin gadi kasuwa. An buɗe rassa a azuzuwan makarantun firamare da benayen haya, ana cusa ɗaruruwan mutane a aji guda, malami ya zo sau biyu a zango ya sayar da takardun darasi ya tafi. Masu kuɗi da masu muƙami sun sami digiri ba tare da sun san ƙofar ɗakin karatu ba. Wannan ya faru, kuma duk wanda ya damu da martabar kotu dole ya ji haushinsa. Sai dai maganin da aka zaɓa bai dace da cutar ba. Cutar ita ce rashin sa ido da kwaɗayin jami'o'i. Hukumar da ta iya ƙayyade wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka da safe, ta kuma hukunta wadda ta ƙetare adadin, ba za ta rasa yadda za ta ƙirga ɗaliban yamma ba. Darasin dokar kwangila da aka koyar da ƙarfe biyar na yamma bai fi na ƙarfe tara na safe rauni ba, in dai malamin ɗaya ne, littafin ɗaya ne, jarrabawar ma ɗaya ce. An ga ɓera a rumbu, sai aka cinna wa rumbun wuta.

Akwai kuma tambayar da masu wannan hujja ba sa son a yi musu. Mene ne amfanin jarrabawar ƙarshe? Makarantar tana jarraba ɗalibai a darussa biyar: shari'ar farar hula, shari'ar laifuka, dokar kamfanoni, dokar filaye da kadarori, da ladubban sana'a. Jarrabawa ce mai tsanani wadda ake faɗuwa da yawa a kowace shekara, kuma tsawon shekaru darasin da ɗalibi ya fi rauni a ciki shi ke yanke masa darajar sakamakonsa gaba ɗaya. Idan wannan jarrabawa tana tace wanda ya iya daga wanda bai iya ba, to ta isa ta tace ɗalibin yamma kamar yadda take tace na safe. Idan kuwa ba ta iya ba, to matsalar ta fi ƙarfin maganar lokacin shiga aji, kuma sai a fara gyara daga can. Ba zai yiwu a riƙa alfahari da tsaurin mai gadi, sannan a ce ana tsoron kada ɓarawo ya wuce ta gabansa ba.

Labarin ɗaliban jami'ar karatu daga gida ta NOUN ya nuna inda gizo yake saƙa. Jami'a ce ta Gwamnatin Tarayya, ta ɗauki ɗalibai a fannin shari'a, ta karɓi kuɗinsu, ta yaye su. A 2015 Majalisar ta fito fili ta ce ba ta san da digirinsu ba. Mafi yawansu manya ne masu aiki da iyali, waɗanda suka zaɓi wannan jami'a saboda ita kaɗai ce ba ta ce su bar aiki ba. Suka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal, a 2017 kotu ta ƙi tilasta wa Majalisar. Aka gyara dokar jami'ar a 2018. Sai a 2020 aka amince a karɓe su, da sharaɗin su fara yin wani kwas na musamman na cike giɓi. Hukumomi biyu na gwamnati ɗaya suka yi ta ja-in-ja, waɗanda suka biya kuɗin rigimar da shekarunsu kuwa ba su da hannu a cikinta. Darasin da ke ciki a fili yake: da aka ga dama, an samo hanyar gwada su a kan abin da suka sani. Hanyar da aka samo musu a matsayin alfarma ta sau ɗaya ita ce ya kamata ta zama tsari.

Hujja ta biyu ta fi ta farko laushi, ta kuma fi ta wuyar kamawa. Ana cewa lauya ba ilimi kaɗai ba ne, tarbiyya ce; dole ɗalibi ya zauna cikin 'yan'uwansa, ya sa baƙi da fari, ya halarci liyafar cin abinci sau uku tare da dattawan sana'a, a ga kamun kansa, kafin a shaida ya dace. Al'adar liyafar daga Ingila aka gaje ta, daga zaurukan lauyoyi huɗu na Landan. To su masu abin sun daɗe da sassauta ta, sun mayar da ita zaman ilimi iri-iri, kuma suna barin mutum ya yi kwas ɗin zama barista a shekara biyu yana aikinsa. Tun 2021 ma, mai son zama lauyan ofis a Ingila jarrabawa ɗaya ta ƙasa zai ci, ya kuma kawo shaidar aikin shari'a na shekara biyu, wanda zai iya tarawa daga wurare har huɗu, ana biyansa albashi. A Amurka, makarantar lauyoyi ta Jami'ar Georgetown da darasin dare ta fara a 1870, domin ma'aikatan gwamnati na birnin Washington, kuma har yau tana da sashen yamma. Ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta taɓa hana ɗalibin cikakken lokaci yin aikin da ya wuce awa 20 a mako, ta soke wannan ƙa'ida a 2014. Nelson Mandela yana akawu a ofishin lauyoyi a Johannesburg yake zuwa darasi, digirinsa na shari'a kuwa ta wasiƙa ya kammala shi yana tsare. Babu wanda ya ce tarbiyyarsa ta gaza don bai kwana a ɗakin kwanan ɗalibai ba.

Kuma wace tarbiyya ce ɗan shekara ashirin da biyu zai samu a wata tara, wadda magidanci ɗan shekara arba'in, mai riƙe da amanar ofis da ta gida, bai samu ba? In ana neman shaidar hali, fayil ɗin ma'aikaci na shekara goma ya fi cokali da wuƙa na dare uku faɗin gaskiya. Al'adun sana'ar ma ba wahayi ba ne. A Disamba 2017 an hana wata ɗaliba shiga zauren rantsuwa saboda hijabinta, aka ce al'ada ce ba ta taɓuwa. Bayan 'yan watanni, a Yuli 2018, aka rantsar da ita da hijabin, rufin zauren bai faɗo ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce zuciyar al'amarin. A ƙarshen 2023 aka ɗaga kuɗin makarantar daga naira 296,000 zuwa 476,000, har Majalisar Wakilai ta nemi a dakata. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, wato kuɗin makaranta kaɗai ya kusa albashin wata goma sha shida na ƙaramin ma'aikaci. Ba a sa littattafai ba, ba a sa kwamfuta ba, ba a sa abinci da tufafin ƙa'ida ba, balle hula da baƙar riga da kuɗin rantsuwa da ke jira a ƙarshe. Ana neman wannan duka daga mutumin da aka hana shi neman ko sisi a shekarar. Makonnin da yake yi na koyon aiki a kotu da ofishin lauyoyi ma ba albashi aka yanka masa ba, sai abin da maigidan ofis ya ga dama ya miƙa masa na mota. Wasu gwamnatocin jihohi kan tallafa wa 'yan asalinsu, amma kyauta ce da ke zuwa lokacin da gwamna ya tuna, ba haƙƙi ba ne da ɗalibi zai gina lissafinsa a kai. Ƙa'idar da ta ce a biya da yawa kuma kada a yi aiki, ko me aka kira ta a takarda, aikinta ɗaya ne: tana tambayar ɗalibi ko ɗan wane ne.

Tafiya ita ce ƙafa ta uku ta wannan murhu, kuma ita aka fi mantawa da ita. Makarantar da ta fara da ɗalibai takwas a titin Igbosere na Legas a Janairu 1963 ta koma Bwari a 1997, yanzu tana da rassa a Legas, da Bagauda ta Kano, da Agbani ta Inugu, da Yola, da Yenagoa, da Fatakwal. Makaranta ce ke tura ɗalibi reshen da ta ga dama, kuma ana yaba wannan da cewa yana haɗa kan ƙasa, kamar hidimar ƙasa. Niyyar kyakkyawa ce, an kuma yi ta a zamanin da mutum zai hau mota daga Sakkwato zuwa Inugu ya yi barci a hanya. Tsarin karatun yana tilasta tafiya aƙalla sau huɗu: zuwa, fita koyon aiki, komowa, da komawa gida, ban da zuwa Abuja domin rantsuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, jirgin sama kuwa ya zama na masu hali. Wanda ba shi da kuɗin jirgi shi ke bin hanya, hanyar kuma kowa ya san halin da take ciki. A Yuli 2025 aka sace ɗalibai shida na makarantar a kan iyakar Binuwai da Taraba, suna komawa reshen Yola bayan hutun koyon aiki. An sako su bayan kwanaki. A Yuli 2022 ma sai da aka ɗauke bikin rantsuwa daga Bwari zuwa cikin birnin Abuja saboda barazanar tsaro. Hukumar da ta san ta ɗauke manyan baƙinta daga hatsari ta san ma'anar tura ɗan talaka tafiyar kwana biyu a mota.

Nauyin nan ya fi faɗawa kan mata. Matar aure mai goyo a Gusau ko Azare, wadda ta sha wuyar shekara biyar ta gama digiri, idan aka ce ta tafi Yenagoa ta yi wata da watanni, sau da yawa maganar a tsakar gida take mutuwa. Akwai hanyar neman sauyin reshe, amma roƙo ne, ana iya karɓa ana iya ƙi. Daga baya sai a zauna a taro ana jimamin ƙarancin lauyoyi mata a Arewa, a ɗora wa al'ada laifin duka, alhali wani kason laifin yana cikin takardar turawa.

Asarar ba ta tsaya kan ɗalibi ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi cewa kowane babban ofishin yanki ya kasance da aƙalla jami'i ɗaya wanda lauya ne, domin ya kula da haƙƙin waɗanda ake tsarewa. Daga ina waɗannan lauyoyi za su fito? Wanda ya fi dacewa da wannan kujera shi ne sufeton da ya yi shekaru yana gabatar da ƙara a kotun majistare, ya san yadda ake rubuta bayanin wanda ake tuhuma da yadda ake murɗa shi. Doka ɗaya tana nemansa, ƙa'ida ɗaya tana korarsa. Haka ma'aikatan kotunan shari'ar Musulunci, masu difloma daga irin Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Shari'a da Addinin Musulunci, waɗanda suka san fiƙihun gado da na aure fiye da yawancin masu digiri, suka kuma san harshen mutanen da ke tsaye a gabansu. Haka akanta mai son ƙwarewa a dokar haraji, da likita mai son sanin dokar aikin asibiti, da injiniya mai fama da kwangila. Lauyoyi sun cunkushe a Legas da Abuja da Fatakwal, ƙananan hukumomi da yawa kuwa ba su da ofishin lauya ko ɗaya. Mutumin da zai zauna a Birnin Kudu ko Yawuri ya yi aikin lauya shi ne wanda ya riga ya kafu a can da gida da gona da 'ya'ya a makaranta, wato daidai mutumin da ba zai iya tashi ya bar garin na shekara shida ba.

Gyaran ba ya buƙatar a rushe komai. A bar tsarin cikakken lokaci yadda yake ga mai iyawa. A buɗe tsarin yamma da ƙarshen mako a 'yan tsangayoyin da suka riga suka cika sharuɗɗa, irin na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Legas, da adadi ƙayyadadde, da ƙarin shekara ɗaya ko biyu, kuma ɗaliban su zauna jarrabawa ɗaya da na safe, a rana ɗaya, a gauraya takardunsu wajen dubawa ta yadda mai dubawa ba zai san na wane ne ba. Makarantar Horar da Lauyoyi ta yi irin wannan a cikin biranen Kano da Legas da Abuja, a shekara biyu maimakon ɗaya. Ta koyar ta intanet a lokacin kullen korona a 2020, saboda haka ba baƙon abu ba ne a wurinta. Ta kuma taɓa sauya manhajarta gaba ɗaya a 2008, zamanin shugabancin Tahir Mamman, don haka sauyi ma ta san shi. Ma'aikaci da mai aure da mai lalura a ba su reshe mafi kusa a matsayin haƙƙi rubutacce. Wanda kuma ya kawo shaidar shekaru yana aiki a kotu, a lissafa masa su a madadin makonnin da ake tura ɗalibai kallon zaman kotu.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ban takaici idan aka dubi yadda abin yake yanzu. Rajistaran da aka fara magana a kansa, idan Allah ya yi masa buɗi ya sami mai riƙe masa gida, ya gama jami'a, ya shiga makarantar, za a ba shi littafin rubuta rahoto a tura shi wata babbar kotu ya zauna a benci na makonni, yana rubuta abin da ya gani, domin ya koyi yadda ake kiran ƙara da yadda ake shigar da takarda. A ƙarshen makonnin zai kai littafin ofis a buga masa hatimi, a hannun yaron da shi ya koya wa inda ake ajiye hatimin.